Kafin Ruwan Shuka Ya Sauka

Wadata, Yamai
Litinin, 24 ga Mayu, 2010

Zuwa ga Yayana Bulus,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanwarka Saratu, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da uwargida Ramatou da yara duka. Yaya gajiyar aiki, yaya zafin Arlit? Yaya kuma gwiwar nan taka da kake ce mana ta warke, alhali Ramatou ta gaya mini har yanzu da sanda kake zuwa sujada? Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare ku a wannan nisa, ya sa mu sake haɗuwa a kan alheri, ba a kan makoki irin na bara ba. Amin.

Mu nan sai godiya, in dai ana kiran wannan hali lafiya. Maigida yana nan yana fama da 'yan lakwal a makarantarsu, yara ma kalau. Zafi kam ya kai inda ya kai, kuran, wutar lantarki ke nan, kuma ya zama baƙo, in ya leƙo da safe ba ka sake ganinsa sai wani yinin. Tsohon keken ɗinkina na ƙafa da kuke yi wa dariya shi ne yanzu sarkin layinmu, masu keken lantarki suna zaune suna fifita. Kogi ya janye har ana ganin yashi a tsakiyarsa. Mutanen ƙauye sun cika gari, mata da goyo suna bin gida-gida suna neman wankau ko daka, wasu ma ƙanzon tukunya kawai suke tambaya. Tun da sojoji suka karɓi mulki a watan Fabrairu ba mu sake jin harbi ba, amma kowa ya koyi rage murya a cikin taksi. Sun dai fito sun ce akwai yunwa a ƙasa, abin da duk macen da ke ɗora tukunya ta sani tun kaka. Baba Yohanna, ƙanen Babanmu kuma dattijon da ya rage mana, yana wurinmu tun watan Maris, don rumbunan ƙauye sun zama fanko. Yana nan da ƙarfinsa, kullum da la'asar sai ya fito ƙofar gida ya tsaya yana kallon gabas.

Yaya, za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni a zamanin salula. Dalili shi ne na san yadda kake amsa waya: kana tsaye a tsakar gida, kana maimaita kowace kalma da ƙarfi, har maƙwabta su riga Ramatou jin labari. Na kuma rubuta da Hausa, irin wadda Babanmu ya koya mana da Littafi Mai Tsarki, don na san yaranka Faransanci kaɗai suke karantawa. Ina roƙonka ka shiga ɗaki kai kaɗai kafin ka ci gaba. Kwana huɗu ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, in zauna in tashi, in fara ɗinki in warware. Maganar Esta ce, matar ƙanenmu marigayi Ishaku, da 'yarsu Na'omi. Ka ji rabin labarin daga bakin Baba Yohanna, kuma a kan rabin nan ka yanke hukunci. Ga sauran rabin, kuma da laifina zan fara.

Bayan rasuwar Ishaku da wata biyu na raka Esta asibiti, a hanyar dawowa ta gaya mini tana ɗauke da ƙwayar cutar sida, wato ƙanjamau. Ta ce ni kaɗai ta gaya wa, ta riƙe hannuna ta ce amana. Na riƙe wata biyar, kuma ka san ni, wata biyar ba ƙaramin aiki ba ne. To, a zumuntar mata ta ranar Alhamis muna da wata al'ada. Ana ajiye ƙwarya rufe da faifai a bakin ƙofa, duk mai damuwa ta rubuta a 'yar takarda ta jefa. Matar fasto ce ke ɗauka, ta karanta a zuciyarta, sannan ta tace abin da za ta faɗa. In an rubuta miji yana sha yana duka, sai ta ce mu roƙa wa wani gida salama. Shekara da shekaru haka take yi, ba a taɓa jin asirin kowa ba. Mako biyu bayan Ista na ga Esta ta rame, hankalina ya tashi, na ce bari in sa ta a addu'a. Na rubuta sunanta, na ƙara da matar marigayi Ishaku, saboda Esta uku ke cikin ikilisiyarmu, sai ka ce Allah zai ruɗe. Na rubuta sunan cutar ɓaro-ɓaro. Na zo a makare daga kasuwa, na jefa takardar ban ko dubi wadda ke zaune a gaba ba. Ashe matar fasto ta tafi Maraɗi gaisuwar mutuwa. Wadda ta tsaya a madadinta baiwar Allah ce da ba ta daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, kuma babu abin da take alfahari da shi kamar karatu a gaban jama'a. Ta ɗauki takardata, ta karanta sunan, ta tsaya a kan kalmar tana haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, sannan ta faɗe ta da ƙarfi don murnar ta iya. Mata sun fi arba'in a ɗakin, Esta kuma tana benci na uku.

Ba ta yi kuka ba, Yaya. Ta naɗe littafin waƙarta cikin gyale ta fita, ni kuwa ban bi bayanta ba. Kafin Lahadi labari ya kai kasuwar Katako, inda take sayar wa masu katako dambu, mutanen da suka yi shekara goma suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Ishaku. Rabinsu suka koma cin abinci a wani wuri. A gidan hayar da take, aka ware mata lokacin ɗibar ruwa a famfo, aka hana yara wasa da Na'omi. Na je ba ta haƙuri sau uku, sau uku tana shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi lafiyar yara, ba ta ce mini komai a kan maganar ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Labarin kuma a gidana ya iske Baba Yohanna, daga nan ya kira ka. Abin da ya gaya mini kun shirya shi ne, Na'omi jinin gidanmu ce, ba za a bar ta a hannun mai ciwo ta tashi tana jinya ba, zai tafi da ita ƙauye wurin Innarmu ranar da ya ji ruwan shuka ya sauka a gida. Ya ce kai ne mai riƙonta a takarda, kuma ka amince. Da na ce wace takarda, sai ya tuna mini. Ka tuna taron dangin da muka yi kwana uku bayan jana'iza, da aka ce sai an rubuta sunan mai riƙon marainiya a kai jastis, wato kotu, a buga hatimi? Babu wanda ya tsaya tunani, aka ce babban wa, kamar yadda kowane gida ke yi. Esta tana ɗaki cikin masu makoki, ba wanda ya tambaye ta. Ni ma na sa hannu a matsayin shaida, ina hira da wata a gefe. Ka ga ke nan sau biyu hannun nan nawa yana cutar yarinyar nan, kuma duka biyun da kyakkyawar niyya.

Wadda ta nuna mana hanya ita ce Zeinabu, wata Bazabarma mai sayar da kayan miya a Wadata, ɗakinta yana jikin na Esta. Ita kaɗai ce a gidan ba ta daina shan ruwan randar Esta ba. Ta zo shagona da Hausarta ta kasuwa mai mai da mace namiji, ta fara wanke ni tas a kan abin da na yi, sannan ta ce akwai wani ofis a unguwar Maourey inda masu wannan ciwo suka haɗa ƙungiya, kuma ranar Talata da Juma'a wata lauya tana zama tana duba matsalar talakawa kyauta. Ba ta gaya mini yadda ta san wurin ba, ni ma ban tambaya ba, don na fara koyon darasi. Na ce mata wace doka ta rage a ƙasar da soja ke mulki, ai sun kulle ta a akwati sun zauna a kai. Ta ce in daina surutu in samo taksi.

Ranar Talatar da ta wuce muka tafi, ni da Esta, muna zaune kujera ɗaya kowa na kallon tagarsa. Wurin ba shi da allo ko rubutu, ta gefen wani shagon sayar da littattafan 'yan lakwal ake shiga, yadda duk wanda ya gan ka zai ɗauka alli ka zo saye. Na tafi da kwalbar man gyaɗa da sabulu, don ban iya zuwa wurin babban mutum hannu wofi ba. Lauyar, Metir Halimatou suke ce mata, 'yar siririya ce mai tabarau, da na gan ta a hanya sai in ce ɗiyar wani ce aka aika. Ta gaishe mu, ta dubi Esta, ta tambaye ta ko ta yarda wannan matar ta ji abin da za a faɗa. Wannan matar fa ni ce, Yaya, ni da na yi wa Esta ɗinkin aure. Esta ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Lauya ta ce a wurinta shiru ba izini ba ne, ta buɗe mini ƙofa cikin ladabi. Haka na zauna a bencin waje fiye da awa ɗaya da kwalbar mai a cinya, tsakanin wani ɗan dako da wata tsohuwa mai carbi da wani mutum mai wandon kaki da rigar gida. Ba mai tambayar wani abin da ya kawo shi. Da farko raina ya ɓaci ƙwarai, daga baya na gane cewa abin da ya kamata in yi wa Esta tun farko shi ne yarinyar nan ta yi mata cikin minti ɗaya.

Da aka kira ni, na ga ko a bayan fayil ɗin ba a rubuta sunan Esta ba, lamba ce kawai. Na miƙa man gyaɗata, ta ce in kai wa Na'omi, a nan ba a karɓar ko goro. Sannan ta gaya mini a fuska cewa akwai doka a ƙasar nan da ta hana bayyana ciwon mutum ba da yardarsa ba, kuma da Esta ta so, ni ce ta farko da za a kira. Ta ce ta tambaye ta, Esta ta ce ba don wannan ta zo ba. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na tambaye ta ko sojoji sun bar wata doka a tsaye, ta yi dariya ta ce fada suka karɓa, amma alƙalin da ke duba sha'anin iyali har yanzu kullum da safe yana zuwa aiki a kan tsohon babur ɗinsa. Ta ce ciwo ba hujja ba ce ta raba uwa da ɗiyarta, kuma mai shan magani a kan ƙa'ida yana iya ganin jikokinsa.

Daga nan Esta ta ɗago kai, karo na farko cikin wata guda ta dube ni ido cikin ido. Yaya, abin da zan rubuta yanzu da izininta nake rubuta shi, a gaban lauya ta ba ni, kuma kai kaɗai ta yarda a gaya wa. Na'omi ma tana ɗauke da ƙwayar. Da ita aka haife ta, ba a gane ba sai da Ishaku ya kwanta aka auna su duka. Tun lokacin tana shan magani safe da yamma, ba a tsallake ko sau ɗaya. Babu agogo a ɗakinsu, da kiran sallar masallacin unguwa take sanin lokaci, na asuba da na magariba. Ita ce ma ke tuna wa uwarta in ladan ya fara. An gaya mata maganin tsawo ne, shi ya sa kullum take tsayawa jikin ƙofa a auna ta. Ni da nake ganin yarinyar nan kowane mako, ina tsokanarta da wushiryar ubanta, ban sani ba. Esta ta ce ba ta iya ɗaga waya ta kira ka, ita da ko sunanka ba ta faɗa don kunyar wan miji. Ta ce bakina ne ya ɓata, to hannuna ya gyara.

Yanzu ka duba abin da kuka shirya da wannan ido. Maganin nan duk wata ake karɓarsa a asibiti, ana auna yarinyar ana duba jininta, kuma ba a shan shi da yunwa. Likita ya gaya wa Esta in aka yi ta tsallakewa, wata rana maganin zai daina aiki a jikinta. Ƙauyenmu kuwa ka san nisansa da Dogonduci, kuma shanun da ke jan amalanke Baba da bakinsa ya ce sun mutu tun watan Afrilu. Inna ta tsufa, anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, suke jiƙawa suna ci, ita kanta mu ke aika mata da ɗan abin da ya samu. Ko ruwa ya sauka gobe, sai an yi wata uku kafin a ga sabon hatsi. Wa zai ba Na'omi magani a can, wanda bai ma san tana sha ba? In kuwa aka sani, wa zai bar 'ya'yansa su ci a kwano ɗaya da ita? Ba ceto za a kai ta ba, Yaya. Ina jin tsoron in rubuta sunan abin da za a kai ta, amma ka gane.

Za ka ce me ya hana a gaya wa Baba Yohanna gaskiya a huta. Na yi wannan tunanin, Esta ta ƙi, kuma tana da gaskiya. Baba mutumin kirki ne, har takalmin roba ya saya wa Na'omi na tafiya, yana ɓoye da shi a ƙarƙashin matashinsa. Amma in ya ji, Lahadin farko zai miƙe a majami'ar ƙauye ya roƙa mata addu'a da sunanta da sunan ubanta, hawaye na zuba. Halin gidanmu ne, ba mu iya ƙauna da baki rufe ba. Metir Halimatou da kanta ta zo gidana ranar Juma'a da yamma don ta gan shi. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaishe shi da Hausar Arewa, ashe ita ma 'yar wajen Dogonduci ce, suka yi ta lissafin garuruwa da dangi. Ta yi masa bayanin doka a hankali ba ta taɓa asirin yarinyar ba. Ya saurara, ya sa mata albarka, ya ce yarinya ce mai tarbiyya, sannan ya ce shi ɗan aike ne, magana tana hannun Bulus, abin da Bulus ya ƙulla shi kaɗai ke kwancewa. Da ta tafi ya ce da ma ɗansa bai yi aure ba, da ya nema masa ita.

Lauya ta ce hanya biyu ce. Ta farko a shigar da ƙara a jastis a nemi a canza takardar riƙo, kuma tana ganin Esta za ta yi nasara. Amma abin zai ɗauki watanni, ruwa kuma ba ya jiran alƙali. Kafin a kira shari'ar Baba ya tafi da yarinya da takardarka a aljihu, kuma a can dole maganar maganin ta fito a gaban dangi. Ta riga ta shirya takardun, suna cikin fayil, ta ce in ta kama za ta tsaya wa Esta har ƙarshe. Ina gaya maka tun yanzu don kada ka ji daga bakin wani: in aka kai can, zan tsaya shaida a gefen Esta, ko da sunanka ne a ɗaya gefen. Ban taɓa yi maka musu ba tun muna yara, ko lokacin da ka sayar da akuyata ka ce kura ce ta ɗauke, amma wannan karon zan yi. Hanya ta biyu kuwa gajeriya ce, kuma a hannunka take. Kai da aka rubuta a matsayin mai riƙo, ka sa hannu cewa ka bar Na'omi a hannun uwarta a Yamai. Shi ke nan.

Na san abin da ke ranka, don Baba ya faɗa a gabana, cewa Esta ce ta kawo wa Ishaku ajalinsa. Yaya, ban san wanda ya fara ɗauka a cikinsu ba, kai ma ba ka sani ba, likita ma ya ce ba mai iya sani. Abin da na gani da idona shi ne wata huɗu tana juya shi a kan tabarma, tana wanke shi, tana ba shi kunu da cokali, lokacin da kai kana Arlit ni kuma ina leƙawa da yamma in koma gidana. Ko ma wane ne, Na'omi dai ba ta kawo wa kowa komai ba, shekararta bakwai. Kai ka goyi Ishaku a bayanka zuwa lakwal shekarar da ƙaya ta kumbura masa ƙafa, kai ka saya masa zarto da gudumarsa na farko. Na san don ƙaunarsa ka ce a ɗauke ta. Ni ma don ƙauna na jefa takarda a ƙwarya, ka ga inda ta kai mu.

Ga abin da za ka yi. A cikin ambulan ɗin nan akwai takardar da lauya ta buga da Faransanci, layi biyar ce, babu maganar ciwo a ciki ko kaɗan. Ka karanta, ka kai ta meri, ofishin magajin garin Arlit, da katinka na ɗan ƙasa, ka sa hannu a gabansu su buga hatimi. Sumana direba, wanda zai kawo maka wannan, gobe da safe motarsu za ta tashi, kuma ranar Asabar zai juyo. Ka ba shi a hannunsa a rufe, bai san abin da ke ciki ba, na ce masa takardun gado ne. Bayan haka ka kira Baba ka ce ka sake tunani, ba sai ka ba shi dalili ba, daga gare ka zai karɓa. Kuma don Allah ranar ka yi magana a hankali. Wasiƙata kuwa ka ƙone ta. Ko Ramatou kada ka nuna wa, ba don ban yarda da ita ba, sai don ba a ba ni izinin mutum biyu ba.

Ranar Alhamis na koma zumunta, karo na farko tun abin da ya faru. Na miƙe a gaban matan na ce na ci amana, kuma duk wadda ta ɗauki maganar ta kai waje ta taya ni ci. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka taɓe baki, ban damu ba. Da zan fita na sake jefa takarda a ƙwaryar. Wannan karon sunanka na rubuta, Bulus, ban ƙara ko harafi ɗaya ba. Matar fasto ta tare ni a ƙofa tana tambaya ko ba ka da lafiya ne, na ce mata Allah ya san sauran.

Ka gaishe mini da Ramatou da kyau, ka ce atamfarta tana nan na yanka, in hankalina ya kwanta zan ɗinka. Ka gaishe da yara duka, da Abdulaye maƙwabcinku da ya yi mana ɗawainiya lokacin makoki, da Fati matarsa. Maigida yana gaishe ka, yara suna gaishe da Kawunsu. Baba Yohanna yana gaishe ka, bai san ina rubutu ba. Esta ta ce in gaishe da Babban Yaya, na karanta mata wasiƙar nan daga farko har nan, ba ta ce in cire komai ba. Na'omi ta ce in gaya maka ta kai ƙugiyar ƙofa.

Jiya a sujada an yi addu'ar ruwa, jama'a a durƙushe, tsofaffi suna kuka. Musulmin unguwa ma sun fita fili roƙon ruwa da safe, har da ƙananan yara. Ƙasa duka bakinta ɗaya, dabbobi suna mutuwa, Inna tana cin anza, ni kuwa ina tsakiyar mutane na kasa cewa amin. Duk lokacin da iska ta kaɗa sai in bar keke in fita in duba sama. Yanzu haka da nake rufe takardar nan gajimare ya ɗan taru a gabas, Baba yana ƙofar gida da rediyo a kunne yana jiran a faɗi garuruwan da suka samu ruwa. Ban taɓa zaton zan ga ranar da ni, ɗiyar manomi, zan ji tsoron hadari a shekarar fari ba. Ka sa hannu, Yaya, ka sake mini baki in roƙi ruwa tare da mutane.

Allah ya kiyaye ka, ya ba ka zuciyar da za ka karanta wannan da ita.

Ni ce ƙanwarka mai surutu, wadda ke koyon shiru,
Saratu